Daga Golden zuwa Lyons: Hanyar Gwangwani da Kwalba

Taron masu injinan ɗura abin sha ne ya kai ni Denba, babban birnin jihar Kolorado a Amurka. Zoɓo da kunun aya nake ɗurawa ina sayarwa, kuma duk mai wannan sana'a ya san babu waɗanda suka kai masu giya bin diddigin abin da ke ɓata abin sha bayan an rufe shi. Ni ba na shan ta, amma iliminsu ina buƙatarsa. Da aka tashi taro, ƙanena da ke zaune a can ya ce, "Yaya, in maganar gwangwani kake so, gobe mu ɗau hanya. Tarihinsa duk yana gindin duwatsun nan."

Mun fara da Golden, yamma da Denba, inda kamfanin Coors ya mamaye bakin rafin Clear Creek. Tun 1935 aka fara sayar da giya a gwangwani a Amurka, sai dai na ƙarfe ne. Coors ya fito da nasa na alminiyom a 1959, har yana biyan kwabo guda ga duk wanda ya maido fanko. Duk da haka, shekara da shekaru mutane na ganin gwangwani na giyar araha ne, mai daraja kuwa sai a kwalba. Ba mu daɗe ba muka miƙa arewa, duwatsun Roki na hagunmu.

Lyons ƙaramin gari ne mai jan dutse, a inda rassan rafin St. Vrain suka haɗu. A nan ne a 2002 wani gidan giya mai suna Oskar Blues ya sayi ɗan inji daga kamfanin Cask na Kanada, ya fara zuba giyarsa mai suna Dale's Pale Ale a gwangwani, ana liƙewa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin 'yan'uwansu ƙananan masu sana'a kwalba suka sani. Yau kuwa in ka leƙa firijin shago a Kolorado, gwangwani ne ya fi yawa.

Dalilin ba ado ba ne. Abu biyu ke kashe giya, haske da iska. Furen hop da ke ba ta ɗaci, da zarar hasken rana ya taɓa sinadarinsa sai ya rikiɗe ya ba da wani wari mai kama da na jaɓa, kuma cikin mintuna hakan kan faru. Kwalba mai ruwan ƙasa na tare mafi yawan hasken, koriya kaɗan take tarewa, fara kuwa kusan babu. Gwangwani ba ya barin ko ɗigo. Ita kuma iskar oksijin sannu take aikinta, ta dusashe ƙamshi har abin ya koma ɗanɗanon tsohon kwali, kuma murfin kwalba, komai matsewarsa, yana ɗan barin ta ta shiga in an daɗe. Ga nauyi: fankon gwangwani bai wuce giram goma sha 'yan kai ba, kwalba mai cin daidai da shi tana kusan giram 200. Mutanen jihar nan masu hawan dutse da wasan ruwa ne, kuma wuraren shaƙatawa da dama sun hana shiga da gilas.

A wani ƙaramin gidan giya da muka tsaya kan hanyar dawowa na ga abin da ya fi taɓa ni. Ba su da injin kansu. Motar haya ce ke zuwa da inji, a ɗura musu a tafi. Wata ma'aikaciya ta ɗauki gwangwani daga layi, ta yanke bakinsa, ta sa ma'auni tana duba yadda leɓen murfi ya naɗe da na jiki. Ta nuna mini cewa gwangwani a buɗe yake tafiya zuwa wurin liƙi, bakinsa kuma mai faɗi ne, don haka dole murfi ya sauka a kan kumfa. In aka yi sakaci a nan, iskar da za ta shige ta fi ta kwalba. Na tsaya ina kallonta har ƙanena ya fara duba agogo. Irin wannan kula ce nake so in gani a wurin aikina.

Da la'asar muka shiga Boulder, garin da Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida a 1978, shekarar da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta yin hakan. Wani dattijo abokin aikin ƙanena ya kai mu garejinsa. Shi kwalba yake yi, kuma a ganina yana da gaskiya. Dahuwa ɗaya lita 19 ce, wajen kwalba hamsin. Ɗan abin matse murfi na hannu ya ishe shi, alhali na liƙe gwangwani ya ninka shi tsada sau da yawa, kuma gwangwani in an fasa shi ya gama aiki. Kwalabensa kuwa wasu sun shekara da shekaru yana wankewa yana sake ɗurawa. Yana zuba sukari kaɗan kafin ya rufe, yis ɗin da ya rage ya cinye shi cikin kamar mako biyu, ya samar da gas, ya kuma lashe 'yar iskar da ta maƙale a wuya. Ya gargaɗe mu cewa in sukari ya yi yawa kwalba fashewa take yi, shi ya sa yake auna shi a sikeli, yana kuma ajiye sababbin ɗuri cikin akwati mai murfi.

Na tambaye shi inda yake samun kwalaben ruwan ƙasa masu kauri. Ya ce a da makwabta ke tara masa, amma yanzu da kusan kowa ya koma gwangwani, sai ya je shagon kayan dahuwa ya saya da kuɗinsa.