Tsarabar roba daga Jidda

Kwana biyar ke nan da dawowata daga Umara, har yanzu 'yan sannu da zuwa ba su ɗauke ƙafa ba. Kowa dabino da zamzam yake tambaya. Tsarabar da na fi ji da ita kuwa babu wanda ya nema: wata 'yar leda ce da ba ta kai tafin hannu ba, cike da baƙaƙen zobban roba.

Ina da bindigar iska ƙirar Turkiyya mai cin dalma lamba 5.5, irin wadda ake ɗura wa iska a tukunya a yi ta harbi kafin a sake ɗurawa, ba ta karyawa ba. Da ita nake maganin gafiya a sito, da hasbiya a gonar shinkafata a fadamar Haɗeja. Tun farkon damina ta kama yoyo. In cika ta da magariba, gari na wayewa allurar agogonta ta kwanta. Bindigar dai ban ko yi tunanin ɗaukarta ba, wa zai ja wa kansa magana a filin jirgi? Matattun robobinta masu hana iska yoyo na cire na zuba a ledar magani, na ɗauki hotunan cikinta a waya.

Makka ce ta fara yi mini dariya. Ga tantabaru dubbai a kan titin da ke gangarawa Harami, ƙosassu, suna taka mini silifa ko gezau. Mai harami ba ya farauta, Suratul Ma'ida ta faɗa, kuma a cikin hurumin Makka ko ba ka da harami ba a ko firgita su. Na yi istigfari, don na kama kaina ina auna wata da ido.

Bayan na sauke farali na wuce Jidda wurin Kawu, ɗan'uwan mahaifiyata da ya haura shekara talatin a can. Daren farko ya kai ni cin tsire. Larabawan Hijaz sun karɓe shi har da sunan, sire suke ce masa, suna bin layi a gaban mai tukuba kamar a Sabon Gari, sai dai kuɗin tsinke biyar in ka juya shi zuwa naira hannunka zai yi sanyi. Riyal ɗin nan tun 1986 yake daure da dala a kan 3.75. Namu kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Washegari na nuna wa Kawu ledar. Ya yi dariya har da tari, ya ce in shirya mu je wurin Mu'allim.

Mu'allim dattijo ne Bahaushe haifaffen Jidda. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya yada zango a Sudan shekaru yana noman auduga, sannan ya ƙetaro ta Sawakin. Shi bai taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, sai dai kowace magana da "ya'ani" da "khalas" a gindinta. Sana'arsa haɗa tiyon haidurolik na manyan motoci a unguwar makanikai. Gyaran bindigar iska sha'awa ce, a wani dogon ɗaki a bayan shagon.

Ya zazzage robobin a kan farar takarda, ya ɗauki ɗaya ya matsa. Ta kumbura ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya.

"Ɗana, me kake shafa mata?"

"Man keken ɗinki, Baba. Wani lokaci ɗan baƙin mai."

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali ya dubi Kawu, kamar shi ne ya yi laifin. Ya ce a ma'aunin matsin iska da ake kira "bar", tayar mota iskarta ba ta wuce biyu da ɗoriya, injin mai faci da kyar yake kai goma, tukunyar bindigata kuwa har 200 take ɗauka. Man fetur da danginsa in suka haɗu da iska mai wannan matsi suna iya kamawa da kansu, ba ashana ba komai. Giris ɗin silikon kaɗai ake shafa wa robobin, shi ma ɗan ƙyalli, ba damɓarawa ba. Da na ga fuskarsa sai na ƙarasa tona wa kaina asiri, na ce wani abokina ya taɓa ba ni shawarar mu je wurin mai walda a ɗura mata iskar oksijin, tunda famfo yana ba ni wahala.

"Ka je?"

"Ban samu zuwa ba."

"To ka koma Harami ka yi nafila raka'a biyu. Da ka je, da ba mu san juna ba."

Akwai bindigar wani a kan teburinsa, ita ma yoyo. A gabana ya yi aikin. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya sauke iskar kaf, kuma bai yarda da agogon ba, sai da ya ɗana ya ja kunama ya ji shiru. Ya ce agogo yana ƙarya, kuma murfin tukunya in ya ƙi kwancewa da sauƙi, a ɗauka akwai sauran iska a ciki. Kafin nan ya riga ya gano ɓarakar da ruwan sabulu, yadda mai faci yake neman huji a tiyub: ya ɗiga a bakin ɗurawa, shiru, a gindin agogo, shiru, ya ɗaura balan-balan a bakin bututun, can sai ga shi yana tasowa. Bawul ne ke nan. Da ya buɗe, wani ɗan ƙwayar yashi ne ya zauna a mazaunin bawul ɗin, ƙanƙani har sai da ya ba ni madubin ƙara girma na gan shi. Na tuna yadda nake jefa tiyon famfona a ƙasa a tsakar gida, da harmatan da komai.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na'urar auna gudun dalma. Ya cika bindigar ya haura ƙa'ida da gangan, kaɗan, ya harba. Gudun ya fito ƙasa. Ya ci gaba da harbi, iska tana raguwa, lamba tana hawa, har ta daidaita a wajen mita 270 a daƙiƙa, ta jima a nan, sannan ta soma gangarowa. Ni da nake ƙara bugu ashirin a famfo don ta yi ƙarfi! Ya ce 'yar guduma ce sifirin yake turowa ta doki bawul ya buɗe; in iskar bayansa ta yi yawa, gudumar ba ta iya buɗe shi sosai. Gyara na gaskiya shi ne daidaita ƙarfin sifirin da matsin iska, kwata-kwatan juyi, a harba, a rubuta. Masu tsada suna da wani ƙaramin bawul na biyu da ke tsayar da matsin wuri ɗaya, shi ya sa harbinsu ba ya hawa da sauka. Ya kuma hana ni barinta a mota da rana, don zafi kaɗai yana iya kai 200 zuwa 220 ko fiye.

Da la'asar muka shiga wani shagon kayan farauta. Ga bindigogin FX na Suwidin, ga Weihrauch na Jamus, ga gwangwanayen dalmar JSB na ƙasar Cek jere kamar turare. Kallo kawai na yi, bindiga a can sai da takardar izinin hukuma, farautar ma da lokacinta da lasisinta. Yaron shagon ko kai bai ɗago daga waya ba, ya ce kunshin robobi riyal 120, ban da harajin kashi 15. Mu'allim ya ja hannuna muka fita. A shagon maƙwabcinsa mai kayan haidurolik aka auna tsofaffin da ma'auni, kauri da faɗi, ya zaɓo masu tauri lamba 90 don wuraren da iska ta fi matsawa. Kowace iri biyar-biyar, riyal 15. Na miƙa kuɗi ya ture hannuna, wai baƙon Allah ba ya biya a gabansa. A Kano da an ji baƙo ne ai kuɗin ninkawa zai yi.

Giris ɗin kuma a shagon masu nutso a teku muka samo, ta wajen Abhur. Nan na ji hassada ta gaske. Masu bindiga a Jidda tulun masu nutso suke kaiwa a cika musu da busasshiyar iska tatacciya, su yi makonni suna ɗiba. Ni kuwa famfon hannu, gumi har ƙugu, kuma ashe danshin damina nake turawa ciki yana zama tsatsa. Na sayi 'yar matatar danshi da ake ɗaura wa tiyo.

Madina a jirgin ƙasan Haramaini na je, mai gudun kilomita 300 a awa. Kwana uku, natsuwa, dabinon ajwa da tsada.

A hanyar dawowa wani jami'in bincike, ba zan faɗi inda yake ba, ya zaro matatar yana juya ta yana daka mini tsawa wai mene ne wannan. Na ce ta famfo ce. Ya ce famfon me? Na ce na iska. Ya tsayar da ni kusan rabin awa, ya shinshina giris ɗin, ya watsa mini kaya a kan tebur ya tafi ko sannu.

Shekaranjiya na shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki, na rufe taga, na canza robobin ɗaya bayan ɗaya, Mu'allim yana kan waya yana ta "shwayya-shwayya, ɗana". Na cika ta 190 na rataye. Yau da asuba na haska tocila, allurar tana nan inda na bar ta. Sai dai tun ranar da na buɗe ta na hango ɗigon tsatsa biyu a cikin tukunyar na ɗauke su a waya, yau na tura masa hoton, ya ce kada in ƙara ɗura mata ko bugu ɗaya sai ya gani da kyau da rana.