Kwaɗon zogale da maganin tsinka jini

Wata shida na yi ina ɗibar jinin masu ciwon zuciya a wani asibitin koyarwa, don binciken digirina na biyu. Da yawansu mata ne da zazzaɓin rumatik ya ɓata musu ƙofofin zuciya tun ƙuruciya. Suna shan warfarin, maganin tsinka jini, don kada jini ya yi guda a cikin zuciyar, gudan ya ɓalle ya je ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Aikina auna INR, wato jinkirin da jininsu ke yi kafin ya daskare. Ga yawancinsu ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

Makon farko na yi ɓarna. Kwalbar gwajin mai shuɗin murfi tana da ruwan sitret mai hana jini daskarewa a cikinta, kuma dole jini ya zama kashi 9, ruwan kashi 1. Ni kuwa in jijiya ta yi wuyar samu, tausayi sai ya sa in tsaya a rabin kwalba. Sakamako ya riƙa fitowa sama da gaskiya, sai da na sake kiran mutanen da na ji tausayin aka ƙara soka musu allura.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata dattijuwa da lambarta ta faɗi ƙasa da 2 da shigowar damina.

"Inna, kin tsallake magani ne?"

"Wallahi 'yar nan, ko sau ɗaya."

Na yarda da ita, amma takardar tambayoyina ba ta da gurbin abinci. A hira ne ta ce zogalen gidanta ya yi toho, kullum sai ta yi kwaɗo da ƙuliƙuli. Ɗanyen ganye irin zogale da alayyahu yana ɗauke da bitamin K, wanda hanta ke amfani da shi wajen haɗa sinadaran daskarar da jini, shi kuma warfarin aikin wannan bitamin yake takurawa. Shi kansa maganin ai daga ganye ya samo asali: ruɓaɓɓiyar ciyawa ce ta riƙa sa shanu zubar jini a Amurka, masana a jihar Wisconsin suka gano sinadarin, suka kwaikwaye shi suka haɗa warfarin, aka amince a riƙa ba mutane shi a 1954.

Ba mu hana ta zogale ba, don hana talaka ganyen gidansa zalunci ne. Likita ya ce ta riƙa cin daidai gwargwado kullum, ya gyara mata adadin ƙwaya. Ni kuma daren nan na ƙara tambayoyi biyu a takardar: wane ganye ake ci a gida, kuma wane jiƙo ake sha.