Godiya Bayan Horon Shugabannin Makarantu a Zariya

Alhamdulillahi, taro ya tashi lafiya. Sai yanzu na samu na zauna, ƙafa a kumbure, murya a dishe. Kun san yadda aka yi ta ɗage rana, kun ga abin da janareta ya yi mana, ba sai na maimaita ba. Waɗanda suka yi sammako daga Giwa, Soba da Makarfi, da na nan Samaru da Sabon Gari, Allah Ya saka muku da alheri.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Muna cikin bayanin yadda shugaban makaranta zai riƙa tuntuɓar takwarorinsa ta WhatsApp da Facebook kan jarrabawa ko ƙarancin malamai, sai wata Hajiya, shugabar firamare da ta kusa ritaya, ta miƙe jiki na rawa. Ashe da aka fita sallar azahar wani ya kira ta, wai daga masu shirya taron yake, ya nemi lambobi 6 ɗin rajistar WhatsApp da aka turo mata ta saƙo, ita kuwa ta karanta masa. Kafin a ankara ya ƙwace WhatsApp ɗinta, yana ta roƙon kuɗi wurin malamai da iyayen yara da sunanta. "Ɗana, mutuncina," iyakar abin da ta iya ce mini ke nan. Wallahi cikina ya ɗuri ruwa, don da sunanmu aka cuce ta.

Ɗan bautar ƙasar da ke kula mana da majigi ne ya durƙusa gabanta ya ce, "Mama, kawo wayar." Ya sake yi wa layinta rajista a WhatsApp, sabbin lambobi suka shigo, yana sa su ɓarawon ya fita. Allah Ya rufa asiri ɓarawon bai riga ya ɗaura tasa lambar sirrin ba, wato PIN ɗin da ake kulle WhatsApp da shi, da sai an jira kwana 7. Su kuma shugabannin nan, waɗanda ba su taɓa ganinta ba sai ranar, kowa ya zaro waya ya sanar a zaurensa na WhatsApp kada a tura ko sisi. Yaron ya roƙe ni kada in ambace shi, amma ba zan iya shiru ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka aiki na halal, Ya ba ka 'ya'yan da za su durƙusa maka haka.

Baba mai gadi da ya kwana kan kayanmu, Inna mai abinci da ta ɗaga mana ƙafa kan kuɗinta, uwargida da ta riƙe gida ita kaɗai, Allah Ya biya ku, Ya jiƙan magabatanku, Ya sa Aljanna ce makomarku.

Akwai 'yan uwa a nan Tudun Wada da na sa ran ko leƙowa za su yi, ko waya ma. Wataƙila uzuri ne, Allah Ya bar zumunci.

Wanda bai sa lambar sirrinsa ta WhatsApp a wurin taro ba, don Allah ya sa yau, kafin ya kwanta.