Baƙar roba ba duka ɗaya ba ce

Makon jiya aka kira ni wata ƙaramar masana'antar gyaran shinkafa a Kakuri da ke Kaduna, wai bawul ɗin tururi, wato abin da ke buɗe wa tururi hanya ko ya rufe, ya ƙi daina huci. Tun daga ƙofa na ji ƙarar, siririya, ba ta yankewa. A gefe ga wani matashi an naɗe masa damtse da bandeji, tururin ne ya same shi yana wucewa da buhu. Raina ya ɓaci, don na san kafin na buɗe cewa abin da ya ƙone shi bai fi girman zoben yatsa ba.

Sai da aka kashe boila, tukunyar da ke samar da tururin, bututun ya huce, sannan na sa sufana na kwance murfin. Na zaro zoben robar da muke kira o-rin. Na matsa shi da yatsu biyu, ya karye kamar ƙuli-ƙuli. Yaron da ke kula da injinan ya ce, "Oga, wallahi daidai girmansa na sayo, har tsohon na ɗauka na gwada." Kuma bai yi ƙarya ba. Girman ya yi daidai. Robar ce ba ta wurin ba.

Abin da ya sa, nitiril ce, wadda ake rubuta wa NBR. Ita ce sarauniya a wurin mai: gas, baƙin mai, man haidirolik, duk tana jurewa. Amma zafinta bai wuce kusan digiri 100 ba, tururin nan kuwa yana kai wa kusan 140. Sai ta gasu ta sandare. Ta tururi da ruwan zafi ita ce EPDM, mai kai wa wajen digiri 150. Ita ma tana da nata lagon, domin in ka kuskura ka sa ta a layin gas ko fetur, za ta kumbura kamar gurasar da ta kwana a miya, ta fito daga gurbinta. Akwai Viton mai tsada, tana ɗaukar fetur da zafi har digiri 200, sai mutane su ɗauka tunda ta fi kuɗi ta dace da ko'ina. Tururi yana lalata ta. Dukkansu ukun za ka iya samunsu baƙaƙe wuluk cikin kwano ɗaya, ido ba ya bambance su. Ni in na je kasuwar Panteka, ban taɓa karɓar zobe ba sai na ga rubutun jikin ledarsa.

Yadda zoben ke aiki abin sha'awa ne. Ana ɗan matse shi cikin gurbinsa tun wajen ɗauri, sannan in ƙarfin ruwa ko tururi ya taso, shi ne ke ƙara tura robar ta manne wa ƙarfe. Wato abin da ke son ya tsere shi ke rufe wa kansa hanya. Sharaɗin kawai robar ta kasance da laushi. A 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse da mutum 7 a ciki, saboda sanyi ya sa irin wannan zoben ya rasa laushinsa.

Bawul yana yoyo ne ta ciki, a mazaunin da ke tare hanya in an rufe, ko ta waje, a haɗin murfi da kuma wajen sandar da ake murɗawa. Mazaunin bawul mai ƙwallo galibi Teflon ne, farin nan mai santsi da aka gano a 1938. Kusan babu sinadarin da ke cinsa, yana kai wa digiri 260, sai dai in ya daɗe a matse yana baje wa a hankali, ba ya dawowa. Inda zafi ya wuce nan, ƙarfe ne kan ƙarfe, a goge su da man lafin, mai ɗan kaushi da ke daidaita fuskar ƙarfe, har su zauna.

Wajen sandar nan na fi daɗewa ina koyo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon fita ne, wato mai haɗawa da gyaran injina, na zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Shi ya koya min sa fakin, igiyar girafayit da ake zagaya wa sanda. Ba a naɗa ta kamar rawani. Ana yanka ta zobe-zobe, yankan a karkace, a sa ɗaya a danna, na gaba kuma a juya bakin haɗinsa wani gefe don kada tururi ya sami miƙaƙƙiyar hanya. Ranar da na ɗaure notin biyu da ke danne fakin da dukan ƙarfina, sai ya ce, "Ɗan nan, murɗa mu gani." Sandar ta ƙi motsi. Ya sassauta, ya riƙa ɗaure notin biyu bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, yana taɓa sandar da tafin hannu. A lokacinsu da asbestos suke yi, ba su san ƙurarsa na kashe huhu ba. In ka ci karo da tsohon farin fakin mai gashi-gashi a tsohuwar masana'anta, ka jiƙa shi kafin ka taɓa, ka rufe hancinka.

A Kakuri na sa sabon zoben EPDM a murfin, na canza fakin sandar, aka kunna boila. Muka tsaya muna saurare, shiru. Na sa yaron ya kawo fenti, da hannunsa ya rubuta a bango kusa da bawul ɗin: tururi, EPDM. Mai masana'antar kuma na roƙe shi ya kai mai ƙunar asibiti a duba damtsen, don na ga bandejin ya fara jiƙewa.