Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Goro Casa'in da Biyar

A makon jiya na tsaya a inda aka sallame ni daga soja, na sauka gidan Kawu a Agege da akwatin ƙarfe ɗaya da ƙafar hagu mai ɗingishi, tsarabar da na kwaso a Abagana a 1968, lokacin yaƙin basasa. Kawu falken goro ne, ya fi shekara ashirin a kurmi. Shi ya yi mini hanya, ta hannun wani mai sayen goronsa, na samu aikin masinja a Majalisar Tarayya da ake shirin buɗewa a Legas a 1979.

Ranar 7 ga Yuli aka yi zaɓen 'yan Majalisar Dattawa, shi ne na farko a jerin zaɓuɓɓuka biyar na wannan shekarar. Jihohi 19 ne a lokacin, kowace ta kawo mutum biyar, kujeru 95 ke nan. Rabon ƙasar da Majalisar Dattawa tun Janairun 1966, sa'ad da shugabanta, Nwafor Orizu, ya miƙa mulki ga Ironsi. Waccan ma ba talakawa ne suka zaɓe ta da ƙuri'unsu ba. Tsakanin wancan lokacin da wannan an yi juyin mulki, an yi yaƙin wata talatin, an binne waɗanda aka binne.

Da sakamako ya gama fitowa, Kawu ya kashe rediyo, ya jawo huhun goro, ya buɗe ganye, ya ƙirgo ƙwaya casa'in da biyar a kan tabarma. Shi ɗan NPN ne har ɓargo, hoton gida da masara na manne a ƙofar shagonsa. Ni kuwa mabuɗi, alamar jam'iyyar PRP, na dangwala wa, don Malam Aminu Kano.

Ya ware tsibi na farko, manya-manya farare, ya ce, "Namu, talatin da shida." Ya ware ashirin da takwas jajaye, ya ce na Awolowo ne, UPN. Sha shida na Zik, NPP. Takwas na Waziri Ibrahim, mai siyasa ba da gaba ba. Sai ya tsinto bakwai da suka fara yaushi, ya turo gabana.

"Ga naku nan, Kofur. Ka riƙe da kyau kada kaza ta tsince."

Na ce, "Kawu, bakwai ɗin nan biyar duk na Kano ne, ba mu bar muku ko ɗaya ba. Biyu kuma daga Kaduna muka ƙwato."

Ya yi dariya har sai da jajayen haƙoransa suka bayyana. Ni kuma na zuba wa tabarmar ido ina lissafi, don soja ko bai iya komai ba ya iya ƙirga mutanen da ke gabansa da waɗanda ke bayansa. Na tattara tsibi huɗu waje guda, na ce masa ya ƙirga. Hamsin da tara. Na ce, "Rinjaye arba'in da takwas ne. Ina za ku samo sha biyu?"

Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana juya wani goro a hannu, sannan ya sa yatsa ya ja tsibin Zik a hankali ya jingina da nasu. Hamsin da biyu.

Na ce, "Da Ibo?"

Ya ce, "To da wa? Awolowo na kallonmu kamar kare da kura, Malam ɗinku kuwa ya ce mu ne azzalumai."

Abin da ɗan kasuwa ya hango a kan tabarma, shi manya suka ƙulla a wajajen lokacin da aka rantsar da Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba. NPN da NPP suka yi yarjejeniya. Joseph Wayas na NPN, mutumin Kuros Riba, ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, John Wash Pam na NPP daga Filato ya zama mataimakinsa, Dokta Olusola Saraki ya zama jagoran majalisar. A Majalisar Wakilai, inda NPN ke da 168 cikin 449, aka ba Edwin Ume-Ezeoke na NPP kujerar kakaki. Har ministoci NPP ta samu, ciki da Farfesa Ishaya Audu a ma'aikatar harkokin waje.

Ginin majalisar na dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa. Aikina ɗaukar takardar jerin ayyukan rana in rarraba, in kai saƙo daga ofis zuwa ofis, in tsaya bakin ƙofa lokacin da ake shiga da sandar majalisa. Mutum casa'in da biyar, babu mace ko ɗaya. Ga babbar riga, ga agbada, ga jar hula da riga mai kan zaki irin ta Ibo. Jar hular nan ita ta fi tsaya mini a rai makon farko. Ina riƙe wa mutum ƙofa ina ce masa "sa", zuciyata na tambayata ko ɗansa ne ya harba abin da ya ƙone motocinmu a Abagana.

An haɗa ni aiki da wani masinja Ibo, sa'ana, siriri, mai tabon ƙuna a wuya. Kwana goma ban ce masa uffan ba bayan gaisuwa. In ya miƙo mini burodi sai in ce na ƙoshi. Laifina ne, ba na ɓoyewa. Wata rana muna hawa bene da tulin takardu, ƙafar ta riƙe, na zube, takardu suka watse har ƙasa. Ya ajiye nasa ya tsince mini tsaf, ya jera su bisa lamba, sannan ya dubi ƙafar ya tambaye ni da Hausa garau, don a Sabon Garin Kano aka haife shi:

"Kofur, a ina?"

Na ce, "Abagana."

Ya yi shiru. Ya taɓa wuyansa ya ce, "Ni a Onica." Muka ɗauki takardu muka ƙarasa bene. Da azahar na karɓi burodin.

Daga nan shi ya zama malamina a lissafin majalisa. Shi ya nuna mini cewa hamsin da biyun nan a takarda take. Ranar da za a tantance minista ko a yi kasafin kuɗi, sai ka ga ana ta kai da kawo a baranda, ana jan hannun wannan, ana raɗa wa wancan, don in mutum biyar suka tafi shan iska, gwamnati ta shiga uku. Bakwai ɗinmu na PRP, waɗanda Kawu ya ce kaza za ta tsince, sai ga su ana lallaɓa su kamar ƙwai. In Sabo Bakin Zuwo ya miƙe, mu na bakin ƙofa har matsowa muke yi. Haushina ɗaya, ba a daɗe ba jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, 'yan bakwai ɗin ma suka kasa zama inuwa ɗaya.

Yarjejeniyar NPN da NPP ba ta cika shekara biyu ba, ta watse a Yulin 1981. Ranar da labarin ya fito na koma Agege da daddare, na tarar da Kawu na ɗaure huhu. Na ce ya buɗe mu sake lissafi. Ya harare ni ya ce goro ya yi tsada, ba na wasa ba ne.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin dawowar Ojukwu a 1982, da faɗan da muka yi da abokin nan nawa ranar da muka ji ya shiga jam'iyyar Kawu.