Asabar tare da Pazham da Shobana

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. Na gama wanki da hantsi, na shanya, na ɗora wake a wuta, sai ga Ummi ƙanwata da waya a hannu. "Yaya, don Allah ki zauna mu kalli wannan, ba na faɗace-faɗace ba ne." Fim ne na Tamil daga kudancin Indiya, Thiruchitrambalam, na shekarar 2022, wanda Mithran Jawahar ya ba da umarni. Na ce zan leƙa kaɗan. Har aka kira la'asar ina nan zaune.

Dhanush ne jarumin, ana kiransa Pazham, mai kai wa mutane abinci gida-gida a kan babur a Chennai. Su uku ne a gidan, duk maza: shi da kakansa da babansa ɗan sanda. Tun hatsarin motar da ya ɗauke mahaifiyarsa da ƙanwarsa ya daina yi wa uban magana, don shi ya ɗora wa laifi. Kakan, wanda tsohon darakta Bharathiraja ya fito a matsayinsa, shi ne ɗan saƙo tsakaninsu. Giyar da suke sha shi da jikan ce kawai ta ɓata mini rai.

Amma wadda ta tsaya mini a zuciya Shobana ce, maƙwabciyarsu, ƙawarsa tun suna yara. Ita yake kai wa kuka. In ya hango wata ya kamu, wajenta zai zo neman shawara. Da ya so Anusha, 'yar masu hali da suka yi makaranta tare, Shobana ce ta yi ta ƙarfafa masa gwiwa, da aka ƙi shi kuma ita ta lallashe shi. Suka je biki ƙauye, ya sake kamuwa da Ranjani, nan ma ita ce 'yar rakiya. Akwai yadda Nithya Menen, wadda ta fito a matsayin Shobana, take kallonsa in yana ba ta labarin wata: bakinta na dariya, tana tsokanarsa, idonta kuwa ya ɗan dakata a kansa kafin ta kau da kai. Na sa Ummi ta mayar mini da wurin baya. Ban yi mamaki ba da aka ba ta kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya a kan wannan rawar.

Nan muka yi musu. Ummi ta ce laifin Shobana ne, me ya hana ta buɗe baki? Na ce mata, "Ke yarinya ce. Mace ta faɗa, in ya ce a'a fa? Ta rasa masoyi, ta rasa aboki, kuma kullum sai sun haɗu a bakin ƙofa." Shirun nan nata na fahimce shi sarai. Shi ne dai ban yafe wa da wuri ba. Mutum shekara da shekaru a gabanka, sai kakanka ya nuna maka ita sannan ka gan ta?

Waken ya kusa kamawa, Allah ya sa Inna ta ji ƙauri ta sauke.

Wurin da na yi hawaye ba na soyayya ba ne ma. Da uban ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɗan da ba ya ko gaishe shi ne ya koma mai jinyarsa, yana tallafe shi, a hankali magana ta dawo tsakaninsu. Prakash Raj ya iya fitowa a uban da nadama ke ci amma girman kai ya hana shi furtawa.

Ƙarshen ne aka yi a gurguje. Shobana ta tafi Kanada aiki, Pazham ya gano ta daɗe tana sonsa, ya bi ta can, shi ke nan an shirya. Na so a bar ta ta amayar masa da duk abin da ta haɗiye tun suna makaranta, ya zauna ya saurara kamar yadda ta saba sauraronsa.