TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 6: Ranar da aka rasa mai tsaya min

Jama'a barkanmu da warhaka. Makon jiya mun tsaya ne a inda majistare yace ya bada belina a kan naira dubu 200 da mutum biyu masu tsayawa, ɗaya ma'aikacin gwamnati lebul 8 ko sama, ɗayan kuma mai gida a cikin Zariya da takardarsa a hannu. Ni fa murna nake a lokacin, har na juyo daga cikin akwatin nan ina yiwa Inna murmushi, a zatona tuwon dare a gida zan ci. Sai da na kwana 103 a kurkuku.

Ga wanda bai bi daga farko ba, gyaran waya nake a PZ da ke Zariya, wani yaro ya kawo waya na saya dubu 35, ashe ta sata ce, aka bi sawunta aka zo kaina. Iyakar laifin kenan.

Inna ta koma gida da tunanin dubu 200 ɗin nan tsaba za a kai kotu. Ta saida awakinta biyu da 'yan kunnen da ta ɓoye tun na aurenta, duk da haka ko rabi ba ta haɗa ba. Ba wanda ya zaunar da ita yace mata kuɗin nan ba biya ake ba, alkawari ne, mai tsayawa ne zai sa hannu cewa in na gudu shi za a kama da biya. Wato ba kuɗi muka rasa ba, mutum muka rasa, kuma wallahi samun mutum ya fi samun kuɗi wuya.

Kawu ne kaɗai ma'aikaci a danginmu, lebul 10. Inna ta same shi har gida, ya saurare ta tsaf sannan yace "Yaya ki yi haƙuri, saura shekara biyu in yi ritaya, in yaron nan ya ƙi zuwa kotu ni za a taɓa." Na daɗe ina jin zafinsa. Yanzu dai na ɗan fahimce shi, amma ɗan kaɗan fa. Akwai kuma wasu da ke zama a bakin kotu sana'arsu kenan tsayawa mutane, da fasfo ɗinsu a aljihu kamar masu neman aiki, suka ce dubu 40 kowannensu, Allah ya taimaka ƙanwata ta hana Inna.

Zaman ciki ba zan sake maimaita shi ba, gabza da kuɗin cizo da kwanan gefe ɗaya duk na faɗa muku. Tun 2019 aka canza wa kurkuku suna wai gidan gyaran hali, to mu 'yan jiran shari'a wane hali za a gyara mana, ba a ma ce mun yi laifi ba, kuma mu ne muka fi yawa nesa ba kusa ba. A sel ɗinmu akwai wani dattijo daga wani ƙauye ta hanyar Giwa, bashin buhun taki ne ya kawo shi, aka juya maganar ta koma zamba. A watan Nuwamba na 2023 muka ji a rediyon wani gandiroba cewa ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 za a biya wa fursunoni 4,068 kuɗin tara a faɗin ƙasar nan. Sel ya kaure da kabbara. Sai daga baya muka gane na waɗanda aka yankewa hukunci ne, mu ba a yanke mana komai ba balle a biya. Dattijon nan ya juya fuskarsa bango, har dare bai yi magana ba.

Yadda na fita kuwa, daga masallacin unguwarmu ne. Baba Liman yana da wani gwangwanin madara babba da ake zagayawa da shi bayan Magariba, mai naira 50 mai 100, asalinsa na asibiti ne da likkafani. Da labarina ya kai masa ya tara mai unguwa da dattawa huɗu yace wanda ke kulle ma ai majinyaci ne. Shi ya ɗauko takardar gidansa na gado, da kuɗin gwangwanin aka yi fasfo da rantsuwar kotu da na mota. Saura ma'aikaci. Aka zaga aka zaga duk maza suka noƙe, sai maƙwabciyarmu Malama, hedimistires ce a wata firamare, ta aiko cewa ita lebul ɗinta ya kai kuma ita ta koya min karatu a aji uku, in na gudu ta san inda za ta kamo kunnena.

Nan ma sai da aka yi daru. Wani ma'aikaci a wajen cike takardu ya kalle ta yace Hajiya ai mace ba ta tsayawa. Lauyan da muka samu kyauta ta hanyar hukumar Legal Aid bai yi musu da shi ba, ya buɗe jaka ya nuna masa inda dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta hana a ƙi mutum don kawai mace ce. Mutumin ya sosa ƙeya ya miƙo biro.

Na fito cikin Janairu da sanyin nan na Zariya mai fasa leɓe, da silifas wari da wari. Na ɗauka an gama. Ina! Shagona an ba wani, kayan aikina ba wanda ya san inda suka yi. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da na fara zama a majalisarmu, aka yi min barka da arziki da fara'a sosai, amma ina kallo abokina na tun yarinta ya lallaɓa hannu ya ɗauke wayarsa daga kan benci ya sa a aljihu. Bai san na gani ba. Sati biyu na yi ban leƙa ƙofar gida ba, ko sallah a ɗaki nake yi.

Sai Baba Liman ya aiko yaro wai in zo Magariba dole. Ana sallamewa, mutane ba su watse ba, ya ciro wayarsa ya miƙo min ta kan sahu da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ɗana, duba min wannan, caji ba ya shiga, ka tafi da ita gida sai gobe." Da na je na duba ba abin da ya same ta, ɗan datti ne a bakin cajin, da tsinken sakace na cire. Washegari wayoyi uku aka kawo min har gida.

Daga gwangwanin nan aka saya min ayan na narka dalma da mita da ƙaramin tebur, na kafa a wata rumfa a Tudun Wada, ina mayar da naira 500 duk Juma'a. Shari'ar kuwa tana nan ana ta ɗagawa, kuma duk ranar zama Malama ce ke fara buga mana ƙofa tun bakwai na safe da jakarta a kafaɗa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda muka koma da gwangwanin don dattijon nan mai bashin taki, da abin da muka tarar.